Madubi Ba Ya Shaidar Kansa: Darasin Hubble da Webb

Ranar 27 ga watan Yuni na shekarar 1990, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tara ƴan jarida ta faɗa musu abin da babu wanda ya so ya ji: na'urar hangen nesa ta Hubble, wadda aka harba wata biyu kafin nan bayan an shafe shekaru ana jiran ta, ba ta gani da kyau. Tauraron da ya kamata ya fito a hoto kamar ɗigon tawada, sai ya fito da hazo kewaye da shi. An tsara cewa kashi 70 cikin ɗari na hasken tauraro zai taru a tsakiyar ɗigon, amma abin da ya taru bai wuce kashi 15 ba. Laifin yana jikin babban madubin, mai faɗin mita 2,4, wanda a lokacin ake yabawa a matsayin ɗaya daga cikin madubai mafi santsi da hannun ɗan Adam ya taɓa gogewa.

Yabon kuwa gaskiya ne. An goge madubin da ƙwarewa ta ban mamaki, sai dai ma'aunin da aka bi wajen gogewar shi kansa a karkace yake. Labarin ya cancanci a sake buɗe shi yanzu da na'urar James Webb take aiko da hotuna, ana shirin ƙera waɗanda za su gaje ta, masu rabon kuɗi kuma suna neman inda za su rage. Wurin da almakashinsu ya fi saurin faɗawa shi ne gwaji, domin gwaji ba ya fitowa a hoto. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, a cikin kayan gani na duk na'urar da za a aika sararin samaniya babu abin da ya kai shaida ta biyu daraja, wato ma'aunin da bai dogara da na farko ba, tare da mutanen da ke da ikon tsayar da aiki idan ma'aunan biyu suka saɓa.

Akwai kalma ɗaya da ke bukatar a tsayar da ita tun da farko. A bakin Bahaushe, madubi yana ɗaukar abin duba fuska, yana ɗaukar gilashin ido, har na'urar kanta ana ce mata madubin hangen nesa. A nan an ware shi ga abu ɗaya: fuskar da ke mayar da haske baya. Gilashin da haske ke ratsawa yana tanƙwara, irin na tabarau, shi kuma ƙwayar gilashi ce. Ƙwayar gilashi tana tanƙwara kowane launi gwargwadonsa, don haka tana tarwatsa farin haske, kuma ba a iya riƙe ta sai ta gefe, idan ta yi girma sai ta lotsa da nauyinta. Shi ya sa mafi girma da masana taurari suka daɗe suna aiki da ita, ta cibiyar Yerkes a Amurka, wadda aka buɗe a 1897, ta tsaya a santimita 102. Madubi kuwa, wanda Isaac Newton ya gina na'ura da shi a 1668, yana mayar da dukan launuka ta hanya ɗaya, ana kuma iya tallafe shi ta baya gaba ɗaya. Hubble da Webb duka na madubi ne.

Aikin babban madubi biyu ne. Na farko shi ne tara haske, kamar yadda faffaɗan kwano ya fi ƙarami tarar ruwan sama. Na biyu shi ne kai duk hasken da ya tara wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma nan wahalar take. Haske yana tafiya ne igiya-igiya kamar kaɗawar ruwa, tsawon igiyar hasken da ido ke gani kuwa bai kai mikromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gefen madubin Hubble ya fi yadda aka tsara shi shimfiɗewa da kimanin mikromita 2,2, kusan kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai. A idon mutum wannan ba komai ba ne, a ma'aunin haske kuwa rami ne. Hasken da ya faɗo a gefe yana taruwa a wani wuri, na tsakiya a wani wuri daban, don haka duk inda aka tsayar da kamara sai wani kaso mai yawa na hasken ya watse.

Yadda kuskuren ya shiga

Kamfanin Perkin-Elmer da ke Danbury a jihar Connecticut shi ya goge madubin tsakanin 1979 da 1981. Irin wannan lanƙwasa ba a auna ta da hannu. Ana haɗa wata ƙaramar na'ura, magwaji, mai madubai biyu da ƙwayar gilashi ɗaya, wadda ke siffanta haske ya yi daidai da lanƙwasar da ake so. Idan an haska babban madubin ta cikinta ya dawo da layuka miƙaƙƙu, to an ce ya yi daidai. Wajen haɗa wannan magwaji an yi amfani da sandar awo mai hula a kanta, hular tana da ƙaramar huda a tsakiya, an kuma shafa mata fenti mai hana ƙyalli. Fentin ya ɓanɓare a wani ɗan wuri, hasken awo ya dawo daga jikin hular maimakon daga kan sandar, aka dasa ƙwayar gilashin da saɓanin milimita 1,3. Da ƙwayar ta ƙi zama inda awon ya nuna, sai aka cusa ƴan zoban ƙarfe irin waɗanda ake sa wa noti don a cike giɓin, aka ci gaba da aiki.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san cewa idan tiya ta lotsa, mai awo zai iya auna buhu ɗari da gaskiya da amana, kowace tiya daidai da ƴar'uwarta, amma duka a tauye. Haka ta faru da Hubble. Gwargwadon yadda masu gogewa suka yi biyayya ga magwajinsu, gwargwadon yadda kuskurensa ya zauna daram a jikin madubin.

Ɓanɓarewar fenti tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Abin da ba tsautsayi ba shi ne yadda aka yi da sauran shaidu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Lew Allen, wanda ya miƙa rahotonsa a Nuwamba 1990, ya gano cewa akwai wasu magwadai biyu a kamfanin, kuma dukansu sun nuna alamar matsalar. An yi watsi da abin da suka nuna saboda an ɗauka ba su kai na farko inganci ba. Hujjar tana da kamar gaskiya, domin ba su kai shi laushin awo ba. To amma ido ba mudu ba ne, ya san ƙima. Ma'aunin da ba zai iya ganin ƙaramin kuskure ba yana iya ganin babba, kuma kuskuren Hubble babba ne ƙwarai. Kwamitin ya kuma zargi yadda aka keɓe sashen da ke gogewar daga masu sa ido, na kamfanin da na NASA, har ya zama babu wani na waje da ya tsaya ya tambayi dalilin saɓanin.

Ƙari a kan haka, kamfanin Kodak ya goge wani madubin na ajiya da tsohuwar hanya, kuma nasa ya fito daidai. Yau yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na birnin Washinton. Ba a taɓa gwada madubin Hubble da magwajin Kodak ba, ba a kuma haɗa babban madubin da ƙaraminsa an haska tauraron gwaji ta cikinsu a ƙasa ba, domin an ga irin wannan gwaji zai ci kuɗi da yawa. Madubin ya zauna shekara tara tsakanin gamawa da harbawa, shaidar laifinsa tana kwance a cikin takardu.

An ceto Hubble a Disamba 1993, lokacin da ƴan sama jannati bakwai suka je da kumbon Endeavour, suka fita waje sau biyar. Sun sa sabuwar kamara mai gyara a cikinta, suka cire ɗaya daga cikin na'urorin bincike suka sa COSTAR a gurbinta, wani akwati mai ƙananan madubai kamar kwabo waɗanda aka lanƙwasa su da kishiyar kuskuren babban madubin. Tabarau aka sa wa na'urar. Gyaran ya yiwu ne saboda kuskuren tsaftatacce ne, ana iya lissafa shi daidai, kuma saboda Hubble tana zagaya duniya a nisan da bai kai kilomita 600 ba, inda kumbo ke iya zuwa. Kuɗin da aka tsimi a gwaji an biya shi da shekara uku da rabi na gani dishi-dishi, da na'urar bincike ɗaya da aka sadaukar, da tafiya mai haɗari ga rayukan mutane.

Abin da Webb ta koya

An harba James Webb ranar 25 ga Disamba 2021 da rokar Ariane 5 daga Kuru, a Giyanar Faransa, zuwa wani matsayi mai nisan kilomita miliyan 1,5 daga duniya. Babu ɗan sama jannatin da zai kai mata tabarau a can. Babban madubinta mita 6,5 ne, yana tara haske fiye da ninki shida na Hubble, kuma ya fi ƙarfin hancin rokar, don haka aka yanka shi gida 18 masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Kowane yanki yana da faɗin mita 1,32 da nauyin kimanin kilo 20. An naɗe uku ta dama da uku ta hagu kamar fikafikai, aka gama buɗe su a sarari ranar 8 ga Janairu 2022.

Kowane zaɓi a jikin wannan madubi yana da dalilinsa. An yi shi da beriliyom, wani ƙarfe mara nauyi da aka haƙo a jihar Utah, domin yana riƙe siffarsa a cikin tsananin sanyi. An shafe shi da zinariya mai kaurin nanomita 100, kuma nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na mikromita. Zinariyar duka kimanin giram 48 ce. An zaɓe ta ne saboda tana mayar da hasken ƙasan ja da kyau, wato hasken da ido ba ya gani amma fata tana jin sa a matsayin ɗumi, wanda ta cikinsa ake hango tarin taurari mafi nisa. Tunda duk abu mai ɗumi yana fitar da irin wannan haske, dole madubin ya yi sanyi ƙwarai, kada ya makantar da kansa. Wata laima mai shimfiɗa biyar, girmanta kamar filin wasan tanis, ita ke tare masa rana har ya sauka ƙasa da digiri 220 a ƙarƙashin sifiri. Hasken da babban madubin ya tara yana zuwa ga na biyu, mai faɗin santimita 74, wanda ke tsaye a gaba bisa ƙafafu uku. Daga nan ya koma ta tsakiya zuwa na uku, sannan zuwa wani ƙarami mai motsi wanda ke tsayar da hoto kada ya yi rawa, kafin ya shiga na'urorin bincike.

Sanyin nan ya kawo wata matsala: madubin da aka goge a ɗaki mai ɗumi zai canza siffa idan ya yi sanyi. Maƙeran ba su dogara da lissafi kaɗai ba. Sun kai kowane yanki cibiyar Marshall da ke Huntsville a jihar Alabama, suka sanyaya shi, suka auna yadda ya karkace, sannan suka mayar da shi aka goge kishiyar karkacewar a jikinsa, aka sake dawowa da shi aka gwada. A 2017 aka sa madubai da na'urorin bincike gaba ɗaya a cikin wani ƙaton ɗakin sanyi a cibiyar Johnson da ke Houston, wanda aka gina tun zamanin kumbon Apollo, aka yi kimanin kwana 100 ana haska su daga farko har ƙarshe. Guguwar Harvey ta afka wa birnin a watan Agusta ana tsakiyar gwajin, ma'aikata suka kwana a wurin bai tsaya ba. Wannan shi ne ainihin gwajin da aka hana Hubble.

Bayan haka an bar ƙofar gyara a buɗe. A bayan kowane yanki akwai ƙananan injina bakwai, shida suna motsa shi, ɗaya yana daidaita lanƙwasarsa, ga wasu shida a bayan madubi na biyu, jimla 132. Suna iya turawa da takun da bai wuce nanomita goma ba. A Fabrairu 2022 aka fuskanci tauraro ɗaya, HD 84406, ya fito ɗigo 18 a warwatse, kowane yanki da nasa. Aka shafe kusan wata uku ana jan su har suka zama ɗigo ɗaya, kuma kaifin hoton ya wuce abin da aka yi alkawari. A watan Mayu na wannan shekara wata ƙwayar ƙura mai gudun tsiya ta bugi yankin da ake kira C3 ta bar masa tabo. Ba a iya share tabon ba, amma an motsa yankin an rage illarsa. Har yanzu ana auna daidaiton madubin a kai a kai.

Inda masu suka suke da gaskiya

Mai adawa da wannan ra'ayi yana da hujjoji masu nauyi. Webb ta ci kusan dala miliyar 10, alhali a farkon shiri an yi zancen abin da bai wuce miliyar ɗaya ba, da harbawa a 2007. A 2011 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya nemi a soke aikin gaba ɗaya. Kuɗin da ta haɗiye ya jinkirta wasu ayyukan bincike. Kuma ba duk tsadar ce ta gwaji ba: binciken da aka yi a 2010 ya ɗora laifin a kan kasafin da aka yi ƙasa da gaskiya da raunin shugabanci, sannan a 2018 aka bayyana kurakuran ma'aikata, kamar wanke bututun mai da sinadarin da bai dace ba, da ƙusoshin da suka zube daga murfin laimar. Duk wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a lulluɓe shi da kyawun hotuna ba. Amma a duba yadda aka gano ƙusoshin: an girgiza na'urar ne da ƙara irin ta tashin roka, suka zubo a ƙasa inda hannu zai kai. Sakaci ne ya jawo laifin, gwaji ya tona shi. Wanda ya ce a rage gwaji saboda tsada, ya bar sakacin ya kori mai gadi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko dabara. Tana cewa tunda yanzu ana iya gina madubi mai motsi, to a sassauta gwajin ƙasa, duk abin da ya karkace a daidaita shi a sama. Amsar tana jikin Hubble kanta. Ita ma tana da ƙananan injina 24 a bayan madubinta don daidaita siffarsa, amma ba su amfana da komai ba a 1990, domin an yi su ne don wani irin kuskure da aka yi tsammani, ba wanda ya zo ba. Injinan Webb ma suna iya motsa yanki, suna iya ƙara ko rage lanƙwasarsa gaba ɗaya, amma ba za su iya sake goge fuskarsa ba. Ikon gyara yana da iyaka, kuma gwaji ne kaɗai ke tabbatar da cewa kuskuren da ya rage yana cikin wannan iyaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja ta uku tana cewa darasin Hubble na gaskiya shi ne a riƙa gina na'urar da za a iya ziyarta. Wannan shawara ce mai kyau, domin ziyara biyar da aka kai wa Hubble tsakanin 1993 da 2009 su suka sa ta wuce shekara talatin tana aiki. Amma ziyara tana da kyau ne don sabunta kamara da canza abin da ya tsufa. Idan ta zama hujjar harba madubin da ba a tantance ba, to an mayar da magani abinci.

Abin da ke gaba

Sarari ba ya ƙarewa da mamaki ko da an yi komai daidai. Na'urar Euclid ta Turai, mai madubin mita 1,2, wadda aka harba a Yuli 2023, ta fara rasa haske sannu a hankali saboda wata siririyar ƙanƙara da ta taru a kan madubanta daga raɓar da kayan suka ɗauko tun daga ƙasa. A Maris 2024 aka ɗumama madubi ɗaya, haske ya ƙaru da kimanin kashi 15 cikin ɗari. An gano matsalar ne domin ana kwatanta hasken taurari da abin da wata na'ura daban, Gaia, ta auna. Shaida ta biyu ce ta sake yin aiki.

A 2021 masana taurari na Amurka suka ba da shawarar gina wata babbar na'ura mai madubin kimanin mita 6, wadda za ta toshe hasken tauraro ta ɗauki hoton duniyoyi masu kama da wannan da ke zagaya shi. Irin wannan duniya ta fi tauraronta dishewa da kusan ninki miliyar goma, don haka madubin zai bukaci natsuwar da ta wuce ta Webb nesa ba kusa ba. Za a yi shekaru ana jayayya a kan kuɗinta, kuma a kowace shekara za a sami mai cewa ma'auni ɗaya nagari ya isa. Abubuwa uku bai kamata a taɓa su ba ko kasafi ya matse: a auna kowane madubi da hanyoyi biyu waɗanda ba su haɗa tushe ba, a gwada kayan ganin a haɗe daga farko har ƙarshe kafin harbawa, kuma a ba mai sa ido na waje ikon tsayar da aiki har sai an bayyana dalilin kowane saɓani. A Danbury an sami ma'aunai uku a gida ɗaya, biyu suna faɗin gaskiya. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya mai iko da zai ce a dakata a saurare su.